Faifan Hotunan Tafiye-tafiyen Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. In na kira ka a waya, Baba yana kwance a falo kunnensa a kaina, kuma ka san shanyewar ɓarin jikin nan baki da hannun dama ta taɓa, ba ta taɓa kunne ba. Abin da ba zan iya faɗa a gabansa ba shi ne, Baba ya karaya. Likitar gashi, mai zuwa motsa masa jiki, ta ce harshen zai iya dawowa in yana gwada magana. To, ba ya gwadawa. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cusa ta ƙarƙashin matashi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran injin jiragen ruwa, wanda in ya fara labari sai abinci ya huce a kwano, yanzu bango yake kallo daga safe har yamma.

Ina share saman kabad na ci karo da akwatin hotunan tafiye-tafiyensa. Na ɗora masa a cinya, na ga idonsa ya yi haske. Amma hannu ɗaya bai iya juya su ba, suka zube a ƙasa, ya kawar da kai. Ga akwatin nan na ba direba ya kawo maka. Kai da kake haɗa wa mutanen gari hotunansu a faifai, ka yi wa ubanka shi ma. Kada ka zama tela mai yagaggiyar riga.

Ka gaida maigidanka mai hoto.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki gaisuwa ta girmamawa, ina gaida Baba da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Akwati ya iso lafiya. Wasu hotunan sun manne da juna saboda daɗewa, sai da na bi su a hankali kafin na shigar da su kwamfuta. Ga faifan nan.

In kin saka shi a inji, ba hotuna ne za su fara fitowa ba. Shafin zaɓi ne zai fito, kamar ƙofofi a jere, mutum ya zaɓi wadda zai shiga. Na raba tafiye-tafiyen shekara-shekara, kowace shekara da ɗan hotonta. Baba zai danna kibiya a rimot, wani siririn layi ruwan ɗorawa zai matsa kan shekarar da yake so, sai ya danna maɓallin tsakiya. A bayan shafin na sa teku yana motsi, da kiɗa mai taushi. Maigidana ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, ya ce ba a taɓa yin irinsa a shagon nan ba.

Ina jiran labari mai daɗi. Ki huta lafiya.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gyara zama.

Tekunka ya kusa sa ni amai. Hotunan da ka jera a shafin nan kowanne bai fi kan sarkin wasiƙa girma ba, ni mai ido biyu ma sai da na durƙusa gaban talabijin. Layin nan ruwan ɗorawa kuwa, da ya hau kan hasken ruwa sai ya ɓace. Kiɗan yana ƙarewa ya sake farawa, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga ta ce, "Lafiya? Ko kun fara sayar da askirim ne?"

Na ba Baba rimot a hannun hagu. Yatsansa ya yi nauyi, in ya danna sau ɗaya sai abin ya tsallake uku. Ya faɗa wata shekara da ba ita yake nema ba, ya rasa hanyar fita, hotuna suna ta wucewa da gudu kamar ana korarsu. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini. Kife rimot ɗin ya yi a kan tebur, ya juya fuska bango.

Amma ga abin da ya sa ban jefar da faifan ba. Kafin ya kife rimot, hoton wata kasuwa ya gifta, na ji Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Na duba da kyau, ashe garin nan ne da aka sace masa takalmi ya koma jirgi da safa. Ka tuna? Yaushe Baba ya taɓa ba mu labari da shekara? Cewa yake "Garin Hazo," ko "Gada mai buɗe baki," ko "ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa." Da waɗannan ya san duniyarsa.

Ka ce wa maigidanka na gode da yabo, amma ba shi zai riƙe rimot ɗin ba.

Yayarka

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba. Na karanta wasiƙarki, na ji kunya, sannan na yi dariya, sannan na sake jin kunya. Gaskiyarki ce. Idona na yi wa aikin, ban yi wa Baba ba.

Wannan karon na cusa hannun dama a aljihu, na ari tsohon tabarau na maigidana don gani ya dushe mini, na ja kujera can ƙarshen shago, na gwada da hagu. Wata mata da ta zo ɗaukar hoton fasfo ta tsaya a ƙofa tana tambaya ko ta dawo in na warke.

Ga yadda sabon yake. Baya baƙi ne, ba teku, ba kiɗa. Zaɓi huɗu kacal a shafi, manya-manya, kowanne da sunan da Baba ya sa masa da farin rubutu. Wanda aka tsaya a kansa, jan zane mai kauri zai kewaye shi. In ya wuce na ƙarshe, abin zai zagayo ya dawo na farko, don haka ba zai ɓata ba. Hoto ba zai gusa ba sai shi ya danna, ko da zai wuni yana kallonsa. In sun ƙare, faifan zai mai da shi shafin zaɓi da kansa.

Na sa selotef a cikin ambulan. Ki rufe duk maɓallan rimot, ki bar kibiyoyi da na tsakiya.

Allah ya sa a dace. Ki gaida yara da babansu.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa.

Faifai ya yi. Da Baba ya ga "Inda aka sace takalmi" da manyan haruffa, ya dube ni, ya dubi talabijin, ya miƙo hannu da kansa. Bai ɓata ba ko sau ɗaya. Ya tsaya a kan hoton injin nan mai girman ɗaki yana nuna mini wani bututu yana gyaɗa kai, ni kuma ina ta cewa "to, to," kamar na san abin da ake ciki. Likitar gashi ta zo ta tarar da shi yana danne-danne, ta ce a bar ƙwallon robar ta huta.

Sai daga baya na lura ba kallo kawai yake yi ba. Nema yake. Ya shiga wannan ya fita, ya shiga wancan ya fita, ya juya shafi, ya dawo. Ya zagaye faifan kaf ya sake farawa. Na ce, "Baba, me kake nema? Garin ƙanƙara?" Ya girgiza kai. "Abokanka na ɗakin inji?" Ya girgiza kai. Na ga wuyansa yana motsi, leɓensa yana kokawa, gumi ya karyo masa. Can ya ce, "Kyaf... tin."

Auta, maganarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Ka san ba shugaban jirgi yake nufi ba. Inna yake nufi, da sunan da yake kiranta saboda ita ke tuƙa gidan. Akwai tafiyar da kamfani ya bari ya tafi da ita, na san na ga hotunan a akwatin. Ina ka kai su?

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na kasa zama.

Suna wurina, ni na ware su. Tun rasuwar Inna ban ji Baba ya ambace ta ba, sai na ɗauka ganinta zai ƙara masa ciwo. Wataƙila kuma ni ne na kasa kallonsu, na fake da shi.

Yanzu na kalla. Wasu ma fim ɗinsu kawai ya rage, sai da na fito da su. Akwai wanda take kwance ta ɗaure kai, jiri ya kayar da ita, tana hararar mai ɗauka. Akwai wanda ta warware, ta tsaya a bakin ƙarfen jirgi iska tana jan mayafinta, tana dariya har haƙoranta na baya a waje. Ban taɓa sanin Inna ta yi irin wannan dariyar ba.

Na sa ta a shafin farko, a sama. Na rubuta "Kyaftin." Ki zauna kusa da shi in zai buɗe.

Allah ya jiƙan Inna. Ki gaida Baba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya buɗe. Ya yi kuka, ni ma na taya shi, ba wanda ya ba wani haƙuri. Ya daɗe a kan hoton mayafin nan har na fara tsoro. Sannan ya share ido da bayan hannu, ya nuna taga, ya ce, "Kira." Maƙwabciya yake nufi. Ta shigo, ya nuna mata Inna tana harara, ya ce, "Jiri." Muka tuntsire da dariya mu uku.

Yanzu kalmomi suna zuwa ɗai-ɗai, wasu a karkace, amma suna zuwa. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya zauna ya ga Garin Hazo, ko yana sauri. Abinci ya fara hucewa a kwano.

Ya karɓi biro da hannun hagu ya yi maka rubutu, ya hana ni taya shi. Ga shi nan a ƙasa.

Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa. Aiki ya yi kyau.

Hoton Kyaftin a bakin jirgi a juye yake. Agogonta a hagu take ɗaurawa.

Ka zo ka gyara a gabana.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka