Sashen Isiyaku Bai Iso Ba

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan?

Manhajar nan ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta, ranar Juma'a za a sake ta, kuma ni ke haɗa kan masu fassara ta da masu gwaji. Isiyaku, mai gwajinmu na Randagi, babu sabis a garinsu, sai ya hawo babur ya shigo gari yake turo aikinsa. Ranar Talata aka tare shi a daji. Babur ɗin kawai aka tsinta.

Abokan aikinmu na waje sun dame ni, wai me ya makarar da fassarar Hausa? Na ce a raba sashensa, kowa ya ƙi taɓawa, wai zai dawo ya ƙarasa.

Ki gaida Inna. Ku sa shi a addu'a, Yaya.

Ƙaninki,
Sani