Wa Ya Zare Wa Maigadi Wuta?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ne Zailani mai gyaran rediyo, mazaunin Catford a ƙasar Turawa. Da hankalina nake wannan magana, ba gigin ciwo ba ne, ba kuma ruɗin tsufa ba, ko da yake na san tun ranar da uwarku ta faɗi kuke raɗa cewa Baba ya fara taɓuwa. Ina jin ku. Kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana aiki. Shekara da shekaru kuna kiran aikina wayoyin Baba, kuna tsallake su kuna tsaki. Da abin ya faru kuka ɗora musu laifi, kuka rufe maganar, kuka bar ni da ita ni kaɗai. Yanzu likita ya ce zuciyata ta gaji, ya daina ma canza mini magani. To kafin ta tsaya zan faɗi nawa.

Bakin nawa ne, hannun na Kaneng ne, maƙwabciyarmu nas, don ni ban zauna a aji ba, lamba kawai na iya karantawa da zanen waya. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko kalma. Zuwa gare ku, Lawal da Murja da Uwaisu da autata Shafa'atu.

Na ɗaya. A nan za a binne ni, kusa da uwarku Karimatu, in akwai wuri. Lawal, na san ka, da na cika za ka yi booking ɗin jirgi don a ce ka kai ubanka gida. Ban yarda ba. Ita ta biyo ni ƙasar nan ba don tana so ba, ta sha sanyinta, ta kwanta a cikinta. Ba zan tafi Zariya in bar ta a ƙasar mutane ba.

Na biyu. Gida da abin da ke cikinsa, a kira malamai su raba yadda Allah Ya ce, ba ni da ta cewa a nan. Babu hakkin kowa a kaina da na sani, in wani ya zo da magana ku saurare shi. Roƙona ɗaya, kada a sayar da gidan sai Shafa'atu ta gama karatu. Kuma a daina mai da shi masauki. Tun da kuɗin man fetur ya ɓarke a can ƙasarmu ba mu huta ba. Kowa ya samu kwangila sai ya hau jirgi da akwatuna wayam, ya sauka a falona, ya cika su da leshi da takalma ya koma, ko sunan mai gidan bai riƙe ba. Lawal, abokanka ne, suna da abin biyan otal.

Yanzu ku saurari yadda aka yi Maigadi, don kun girma a kansa amma babu wanda ya taɓa tambayata.

Ina saurayi na yi aikin sigina a reluwe. A can na ga ƙarfe yana sanin jirgi ya taka shi, ya faɗa wa fitila tun daga nesa. Abin bai fita raina ba har na zo nan na zauna a shagon gyara a Old Kent Road. Duk abin da aka zubar a shago ina kwasowa. Da uwarku ta fara ƙorafin asubar ƙasar nan, yau tana nan gobe ta matsa, sai na sa ɗan ido a taga mai ganin haske, na haɗa shi da fitilar ɗakinmu. Ta yi dariya ta ce ni da ban iya tashi ba na ɗauko wanda zai tashe ni. Daga nan na sa wani a ƙofa mai sanin an buɗe, na sa mai jin sanyi ya kunna hita da kansa. Ita ce ta raɗa masa suna Maigadi, ba ni ba.

Da ɓarin jikinta ya shanye, wasa ya ƙare. Na sa shimfiɗa mai waya a gaban gado, in ta sauko fitila ta kama. Na rataya igiya a gefen gado, na rataya wata a banɗaki, in ta ja ƙararrawa ta buga a kicin da falo. Abubuwan suka yi yawa, suka fara rikicewa. Uwaisu, a nan ne ka kawo mini ƙaramar kwamfutar nan daga wurin karatunka, allo ɗaya kamar faifai da 'yan maɓallai, ka zauna ka nuna mini yadda ake danna mata lambobi ta riƙe komai. Wannan ban manta maka ba. Na ajiye ta a kabad ɗin kan bene, don a nan ne kawai muke da soket a sama. Halinta ɗaya kowa ya sani, na faɗa har kun gaji da ji: in aka zare mata wuta ko na ƙiftawar ido ne, ta manta komai. Ba rediyo ba ce da za ka mayar ta ci gaba da waƙa. Sai na zauna na sake danna mata lambobin daga farko. Shi ya sa na ɗaure jan ƙyalle a fulogin.

Kaneng ta ce a sauko da gadon uwarku falo. Uwarku ta ƙi, ta ce ina baƙi za su zauna. Ni kuma na ce mata ta kwantar da hankalinta a sama, in ta ja igiya za a zo. Da bakina na faɗa mata. Ki ja, za a zo.

Na uku. Maigadi na ba Uwaisu kyauta tun ina da rai, ba ya cikin gado, kun ji. Da mitata ta awon wuta, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanayen da ke ƙarƙashin matakala. Lambobin suna kaina, ka zo da takarda wannan makon in karanta maka. Idon taga yana son a goge shi, hayaƙin mota na rufe shi. Wayar ƙofar baya ruwa ya ci ta, ka canza. Batirin da ke ƙasan kabad ka riƙa duba ruwansa. Bayan rasuwarta na sa shi, kada wanda ya tambaye ni me ya sa ban sa tun farko ba. Kada ka kwance Maigadi ka zuba a kwali. In za ka kashe shi, ka bari sai an fitar da ni daga gidan.

Ranar da uwarku ta faɗi Babbar Sallah ce, cikin sanyi. Gida cike da baƙin Lawal, kicin cike da mata, kowane soket na ƙasa an maƙala masa tukunya ko rekoda. Kafin in fita Idi na buɗe kabad na duba, lambobi suna ci ja. Na leƙa uwarku, ta ce in kawo mata hanta in na karɓo nama. Daga masallaci na wuce Peckham wurin mahauci, layi har waje, bus kuma ta ƙi zuwa. Da azahar ta lallaɓa banɗaki don alwala, ƙafar ta zame. Ta ja igiya. Ta ja, ta ja, har igiyar ta tsinke daga silin. Kuna ƙasa kuna cin abinci. Sai la'asar Shafa'atu ta hau da kwano ta same ta a kan simintin nan mai sanyi, igiyar na naɗe a hannunta mai lafiya. Na dawo da hanta a leda na tarar da motar asibiti a ƙofa. Ba ta sake magana ba. Kwanakin da ta yi a asibiti idonta kawai ke bina.

Da na buɗe kabad, fulogin na jikin soket, amma allon babu lamba ko ɗaya. Jan ƙyallen yana ƙasa. Teburin guga yana kafe a kan bene, inda ba a taɓa ajiye shi ba, dutsen guga na kai. Duk manyan rigunan da aka sa ranar sun sha guga, na gan su da idona. Na tambaya, kowa ya kalli ƙasa. Lawal ya ce ba lokacin wannan magana ba ne. Uwaisu ya ce injin ya taɓa mantuwa da kansa. Gaskiya ne ya taɓa, ban musa ba. Daga ranar aka ce wayoyin Baba ne suka gaza, aka wuce wurin.

Ku kuna gani rigima nake nema. Ba ku san abin da nake ɗauke da shi ba. In hannu ne ya zare, to kuskure ne irin na ranar Sallah, mutum yana sauri, ya ga soket, ya ce minti kaɗan ne, ya mayar yana zaton ya gyara. Wannan zan iya ɗauka. In kuwa babu wanda ya taɓa, to aikin hannuna ne ya yi shiru tana kira, ni na yi mata alkawarin da ƙarfe bai cika ba. Ina so in san da wanne zan je in same ta.

Na huɗu. Wayar da ta tsallake katanga zuwa kicin ɗin Kaneng a bar ta. Yanzu ni nake jan igiyar, ita ke zuwa, ko ta dawo daga aiki a gajiye. Ba addininmu ɗaya ba, amma ita ta riƙe kan uwarku a motar asibiti. Rediyon nan babba mai kama tashoshin gida na ba ta, ta riƙa jin Jos. In na tafi ku ci gaba da gaishe ta, kada ku zama irin masu ɗaga hannu daga mota.

Na biyar. Lawal da Murja. Tun waccan Sallar ba ku zauna a ɗaki ɗaya ba. In ɗaya ya shigo ta gaba, ɗaya ya fita ta baya, Maigadi yana faɗa mini, ƙofofin biyu duk suna da ido. Ban san abin da kuka sani game da juna ba. Wataƙila ɗaya ya ba da riga, ɗaya ya goge. Wataƙila kowa yana zargin ɗan'uwansa a banza. Ko ma mene ne, ya isa haka. Ciki ɗaya ya ɗauke ku. Lawal, kai ne babba, kai za ka taka zuwa gidanta, ba waya za ka buga ba. Murja, in ya zo ki buɗe, ki ba shi ruwa. Injin ɗinkin uwarku kuwa, ina roƙon sauran su bar miki a rabonki, ke ce kika zauna kusa da ita tana ɗinki.

Na shida. Shafa'atu. Ina yi miki Hausa kina mayar mini da Turanci, na yi faɗa har na bari. Ki sa a karanta miki wannan a hankali, na san kina ji. Ke kika buɗe ƙofar nan kika same ta, kina yarinya, kuma tun ranar ba ki shiga banɗakin sama. Na lura. Ba laifinki ba ne da ba ki hau da wuri ba, an ce miki ƙararrawa za ta kira. Ki riƙe salla. Asubar ƙasar nan mai yawo ce, ki bar idon taga ya tashe ki kamar yadda ya tashi uwarki. Yayyenki su ne iyayenki yanzu, ku kuma kada ku tattara ku koma gida neman kwangila ku bar ta ita kaɗai a Catford.

Ban tara muku abin kirki ba, na sani. Wasu sun zo bayana sun koma da manyan motoci, ni ina nan da ƙanshin dalma a hannu. Na kasance mai faɗa, ban iya lallashi ba, uwarku ce ta iya. Amma ban ciyar da ku haram ba. Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da za ku haifa. Allah Ya haɗa kanku, Ya tsare ku daga abin da zai raba ku. Ku riƙa cin abincin Sallah a kwano ɗaya, ko babu ni. In ɗayanku ya yi shiru kwana biyu, ku taka ku duba shi da ƙafarku. Allah Ya jiƙan Karimatu, Ya sa ta huta, Ya sada ni da ita cikin rahama.

Saura abu ɗaya, kuma ba bayan raina nake so ba. Na ce Kaneng ta ba kowannenku wannan takarda tun yau. Wanda ya zare, na yafe masa tun kafin in ji sunansa, Allah ne shaida, Kaneng ma ta ji. Ba zan faɗa wa sauran ba. In baƙo ne ya yi kuma kun sani, ku faɗa. In kun tabbata babu wanda ya taɓa, ku zo ku huɗu ku kalli idona ku ce haka, in ɗauki kayana in tafi da shi. Amma kada ku zo mini da lemo da sannu Baba ku fita. Ina sama, a gadon uwarku, ƙofa a buɗe take, in kun tako matakala fitila za ta kama.

Wa ya zare wa Maigadi wuta ranar Sallah? Wani ya hau ya ba ni amsa.