Kada Ka Danna Wa Na'urar Hanya "Eh"

Tsvetan,

Na tafi makaranta, ban tashe ka ba. Munsharinka ya nuna kana kan muhimmin aiki.

Jiya da na ɗauki motar zuwa Pleven, na'urar nuna hanya ta tambaye ni ko a sabunta manhajarta. Na biya shagon Stoyan mai gyara. Ya ce, "Ke dai ki kiyaye da yatsan mijinki. Sabuwar manhajar ba ta san tsofaffin muryoyin da mutane suka saka da kansu ba, kuma in an hau ba a saukowa." Wato muryar marigayi babanka da ka ɗauka ka saka a ciki, wadda ke cewa, "Rage gudu, ja'iri, ba jirgi ba ne!" in ka wuce ƙa'ida, za ta tafi ke nan. Babu kwafinta a ko'ina. Na duba kwamfutarka, hotunan kifi kawai na gani.

Na san ka, duk abin da allo ya tambaye ka "eh" kake dannawa, sai ni ce kawai kake ce wa "bari mu gani". Yau in ta tambaya, danna "a'a". Ranar Asabar Stoyan zai kwafe muryar.

Akwai banitsa, burodin nan mai cuku, a tanda, ka ɗumama.

Jiya a hanyar dawowa daga Pleven da gangan na ɗan taka mai, don in ji ya yi mini faɗa. Kar ka gaya wa kowa.

Rumyana