Foldar Bagega

Litinin, 7 ga Agusta

Aiki ya ƙare. Ƙungiyar da ke jinyar yaran da gubar dalma ta kama ta rufe ofishinta na Anka, kowa ya watse, saura ni da kwamfuta. Juma'a mota za ta zo daga Gusau ta ɗauke ta, kuma dole a same ta wayam: ba sunan yaro, ba hoto. Na sa hannu tun ranar da aka ɗauke ni aiki cewa ba zan kwafi komai ba.

Na danna gogewa. Ta ce saura awa talatin da ɗaya. Tsohuwar banza! Hadari ya rufe rana, sola ta mutu kafin la'asar.

Talata, 8 ga Agusta

Tana gogewa tana nuna sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina karantawa kamar mai kiran rajista. Wasu na san su, sun girma har suna tuƙa babur. Wasu kuwa Allah ya jiƙansu.

Ban yi magana da kowa ba yau sai mai ƙosai.

Laraba, 9 ga Agusta

Tasi'u, wanda ke gyara mana na'urori, ya kira. Da ya ji awa talatin sai ya kwashe da dariya.

"Malam Gwadabe, mi kaka yi haka? Kwandon shara kaka tura su, shi as sa takan tsaya ƙirga. Kashe manhajar tsaro, ka zaɓe su duka, ka riƙe Shift ka danna Delete. Kahin ka sha ruwa ta gama."

Na gwada da foldar Bukkuyum. Gaskiyarsa. Haushi ma ya kama ni, ban san dalili ba.

Kafin azahar na share duk garuruwan. Saura Bagega, 2010. Na kashe kwamfutar na ce batir ne. Wa nake yi wa ƙarya, ni kaɗai a ɗaki?

Alhamis, 10 ga Agusta

Bari in rubuta shi kawai. Zaliha tana ciki. Ɗiyata, marigayiya. Hoton da aka ɗauke ta ranar da muka kawo ta asibiti, shekararta biyu, kuma ba ta da wani hoto a duniya. Ni na riƙa kawo dutsen zinare mai dalma gida ana daka shi a tsakar gida, inda take rarrafe. Shekara goma sha biyu ina aiki a kan wannan na'ura, sau ɗaya ban buɗe shi ba. Sanin yana nan ya ishe ni.

Matata Mardiyya tana Gummi wurin Innarta tun da hanya ta lalace. Muna waya: ya gida, ya ruwa, ya jikin Inna. Sunan yarinyar bai taɓa shiga tsakaninmu ba, kuma ni ne matsoracin.

Na ɗauki waya na aje ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na kira ta na ce, "Gobe za a goge hoton Zaliha."

Sai ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Juma'a, 11 ga Agusta

Ta biyo motar farko. Na yi ta faɗa a raina don me na sa ta biyo wannan hanya, har na gan ta a bakin ƙofa da jakarta.

Na buɗe. Ashe tana sanye da 'yar rigar nan shuɗiya, na manta da ita sam. Mardiyya ta daɗe tana kallo, ta sa gefen mayafi ta share gilashin.

"Kunnuwan ga naka na," in ji ta. Ta yi dariya, ta yi kuka, ni ma haka.

Na ce ba a yarda a kwafa ba. Ta ce, "Na gane ta, ya isa. Nuna min inda aka dannawa." Na riƙe Shift, ita ta danna ɗayan. Ko minti ɗaya bai kai ba.

Mota ta zo bayan sallar Juma'a.

Asabar, 12 ga Agusta

Ba ta koma ba. Wai ɗakina ya yi ƙazanta, sai ta gyara tukuna. Da safe tana shara ta ce Zaliha ba ta son kunu in ba tsamiya. Na ce haka ne.

Na sayo ƙosai na mutum biyu.