Baba da Lemo Marar Suga

Assalamu alaikum, Yaya Sa'adu.

Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Hauwa da yara? Mu nan Jibiya sai godiya.

Baba ne ya ba mu tsoro. Wani abokinsa a bakin boda ya ba shi lemon gwangwanin nan marar suga da direbobi ke shigowa da shi daga Maraɗi, wai na masu ciwon suga ne. Shi kuma ya ɗauka magani ne! Ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya kama sha safe da yamma. Sai da jiri ya kayar da shi a masallaci muka gane. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce lemo ba ya warkar da komai, ya koma kan maganinsa, ya riƙa shan ruwa.

Da muka dawo gida, sai ya ce in fito da randar Inna, Allah ya jiƙanta. Na wanke, na cika, na jefa saiwar jema don ƙamshi kamar yadda take yi. Ya sha moɗa guda, sannan ya ce, "Saura Sa'adu ya shigo a guje daga ƙwallo, ya zubar da rabi."

Ka sa shi a addu'a, ka gaida kowa. Randar tana inda ka san ta.

Ƙanwarka,
Binta