Tagar Mama a Bangon Arewa

Yaya Leszek,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ya yara?

Hoton da ka turo ya ɓata min rai. Shekara biyu na yi ina yanka gilashi mai launi kafin in taho, na haɗa wa cocinmu tagar nan don tunawa da Mama. Gabas na ce, saitin kujerarta! Fada, limamin cocin, ya sa ta a bangon arewa, inda rana ba ta leƙawa, kai kuma har da riƙe masa tsani? Ku mayar da ita gabas.

Ni lafiya lau a kamfanin kifin nan na Norway, yatsuna ne kawai suka tsattsage. Wata biyu ke nan rana ba ta fito mana ba. Na daure ne don na ɗauka ko ba komai tana haska tagar Mama.

Ƙanwarka,
Halina