Layi Biyun Da Ba Ka Rubuta Da Hausa Ba

Zakirai, Gabasawa,
Jihar Kano.
Talata, bayan azahar.

Zuwa ga Yayana Abdulkabir, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, me ya sa abin da ka gaya wa masu jin Turanci ba ka gaya mana da Hausa ba? Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba, kuma da Inna za ta leƙo ta ga na sa tambaya gaban gaisuwa da ta ce rashin kunyata ya kai har kan takarda. Amma maganar ta tsaya min a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, sai na fito da ita zan iya gaishe ka. To, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Tahira da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku daga sharrin garin nan naku mai hayaniya, Ya sa abin da ake ci ya zama halal.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da ƙafarta. Ƙanwarmu Aina'u ta shiga izu na arba'in, kullum sai ta ce in tuna maka alkawarin Alƙur'ani mai jaka. An yi yayyafi sau ɗaya ranar Asabar, bai jiƙa ƙasa ba, amma hadari yana haɗuwa ta gabas kowace yamma, kowa yana ta kai takin gida gona. Ka san gonakinmu, taku kaɗan ka shiga ta maƙwabci, don haka ba wanda yake jinkiri a ɓoye. Wanda bai yi huɗa a kan lokaci ba, duk gari ya gani.

Na kira ka sau shida tun Juma'a, ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na yago takarda. Zan ɗauki hotonta in tura maka, in ya so ka karanta a ofis ɗinka mai sanyi.

Ka san yadda abin ya fara. Tun da ka soma rubuta sharhin kasuwar hannun jari da Hausa kana turowa guruf ɗin 'yan garinmu na waya, ni na zama bakinka a nan. Ni da ban wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, na koyi karatu a tsofaffin jaridun da ake ƙunshe tsire da ƙamus ɗinka mai yagaggen bango, sai ga dattawa suna zama a bencin shagona na cajin waya bayan la'asar, suna cewa Hashimu karanta mana abin da ɗan Hure ya rubuta, don har yau da sunan Inna suke kiranka. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Ina karantawa ina gyara murya kamar mai labarai a rediyo. Da ka fara yabon kamfanin taki na Mai Rumbu, ba ka sha wahalar shawo kan kowa ba, domin buhunsa kowa ya san shi, kowa ya taɓa ɗaukarsa a ka. Ka ce wanda ya sayi hannun jarinsa kamar ya mallaki lungu ne a cikin masana'antar, duk buhun da aka sayar yana da ƙwaya a ciki. Mutum tara na buɗe wa asusu da hannuna a wayar nan.

Cikinsu har da Kawu Ɗanliti, ƙanin Inna, wanda ya goya ka a wuyansa zuwa kallon dambe kana yaro. Ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu bayan girbi, ya ce kafin damina zai fitar da kuɗin ya sayi waɗanda suka fi su ƙarfi, ragowar ya yi wa ɗakin matarsa rufi. Na ce masa Kawu a bar ɗaya mana. Ya yi dariya ya ce sa ɗaya ba ya jan garma, kuma yaron da ya yi wa kaciya ba zai tura shi rami ba. Yanzu abin da ya zuba bai kai rabi ba, ko sa ɗaya mai kirki ba zai saya ba. Jiya na wuce ta gonarsa na same shi yana gyara ƙotar garmar hannu, mutum mai shekara sittin da wani abu, mai ciwon baya. Ya ɗago ya ce kada in damu, kasuwa ta Allah ce, kuma in na yi waya da kai in ce yana sa maka albarka, kada ka sa abin a ranka. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Har zuwa makon jiya ni ma haka na ɗauka, ƙaddara ce. Sai ƙaiƙayin karatuna ya ja ni. Na ce bari in nemi Turancin sharhinka a shafin ofishinku, in jera shi da Hausar layi bayan layi, ko na ƙaru da kalmomi. Komai ya yi daidai, har na ji daɗin yadda ka iya juya magana. Sai can ƙasa, bayan sunanka, na ga layi biyu da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan tururuwa. Na buɗe ƙamus na bi su kalma kalma sau uku, ina fatan jahilcina ne. Da Malama Zakiyya, mai koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, ta kawo cajin waya, na rufe sunanka da babban yatsana na ce ta fassara min. Ta ce layin farko yana cewa marubucin yana da hannun jari a kamfanin da yake magana a kai. Na biyu yana cewa kamfanin yana biyan ofishin da marubucin yake aiki domin a tallata shi ga masu zuba jari. Ta ƙara da cewa wannan ai mai talla ne ya sa rigar alƙali, wane ne haka? Na ce wani ne a Legas.

Na koma baya na duba. Sharhi goma sha ɗaya ka yi a kan Mai Rumbu. Duk na Turancin suna da layi biyun nan. Na Hausar ko ɗaya babu. Mantuwa sau ɗaya ake yi, Yaya, ko sau biyu in mutum ya tsufa.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In buɗe shago, in rufe, in taka har bakin titi in dawo ba tare da na sayi komai ba. Inna ta ce ko aljanu ne suka shafe ni, ta haɗa min hayaƙi. Ban gaya mata ba. Yaya zan gaya mata, alhali kwanon rufin ɗakinta kai ka sa mata shi a watan da ka fara wannan rubutu? Wayar da nake karanta musu sharhin da ita, kai ka aiko min. Na ci, ta ci, duk mun ci. Ni ma ba wankakke ba ne, duk wanda na buɗe wa asusu ya ba ni ɗan na goro. Bambancin kawai, nawa a gaban kowa aka miƙo min, a kan benci, rana tsaka.

Ka tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, shekara talatin yana dillancin dabbobi a kara. Ka fi ni saninsa, ni ina da shekara tara ya rasu, amma abu ɗaya ban manta ba, kuma har yau tsofaffin dillalai suna ba da labarinsa. In dabbar da aka kawo tasa ce, ko ta gidanmu, ko ta wanda yake ci a hannunsa, kafin ya buɗe baki ya yabe ta sai ya ɗaga murya ya ce jama'a, wannan tawa ce. Sannan ya miƙa igiyar ga wani dillali, ya koma gefe ya zauna, la'adar ta wuce shi. Kai da kanka ka ba ni labarin ranar da aka kai akuyar Inna, baƙo daga Ringim yana taya ta, Baba ya miƙa igiya, kuma daga inda yake zaune ya ce a gaya wa mutumin ta taɓa ɓari sau ɗaya. Ka ce ka yi fushi har gida, kana cewa ya zubar da kuɗi a ƙasa. Ya ce maka bakin da ke da rabo a ciniki ba ya auna magana daidai ko da mai shi waliyyi ne, don haka a bari mai saye ya san bakin wa yake saurara. Igiyar tana nan rataye a zaure, a ƙusar da ka sani. Kullum sai na wuce ta.

Na san abin da za ka ce, domin na san bakinka, a gida ɗaya muka koyi gardama. Za ka ce doka ta ce a rubuta, kuma an rubuta. An rubuta wa wa? Kawu Ɗanliti zai je shafin ofishinku ne ya karanta ƙwan tururuwa da Turanci? Za ka ce kasuwa hawa da sauka ce, ba ka yi wa kowa rantsuwa ba. Gaskiya ne, kuma ban ce kai ka karya farashin ba, ban ce kamfanin na banza ba ne, wataƙila ma ya tashi gobe. Har ma zan ƙara maka da wadda ba ka tambaya ba: da ka ce kana da jari a ciki, wasunsu da sun ƙara yarda, su ce ai ga shi ya sa nasa. Riƙon jarin ba laifi ba ne. Amma da sun ji cewa kamfanin yana biyan masu ba ka albashi, da Kawu ya sayar da tunkiya ya gwada, ba shanu ba. Wannan zaɓin nasa ne, ka ɗauke masa shi. Masu Turanci ka ba su haƙƙinsu don suna da lauya, mu ka ga ba mu da kowa sai Allah.

Akwai kuma abin da layi biyun ba su faɗa ba, shi ne ya fi hana ni sukuni. A watan da kake rubuta mana cewa a riƙe, kada a tsorata, kai riƙewa ka yi ko sayarwa? Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙazafi ba. Ina roƙon Allah ya zama kai ma ka yi asara tare da mu. Ka ji inda ka kai ni, ina yi wa ɗan'uwana addu'ar asara don in samu in ci gaba da ganin girmansa.

Ga dalilin gaggawar. Sharhinka na ƙarshe ya ce in farashi ya faɗi, lokacin masu hankali ke saye. Malam Mika'ilu, mai makarantar allo ta bayan masallaci, wanda ya koya mana alifun ni da kai, ya ji wannan a bakina. Ya yanke shawarar fitar da buhunan gyaɗarsa ranar kasuwa, har da wadda ya ware ta iri, in saya masa hannun jarin Mai Rumbu. Shekaranjiya ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce Hashimu, shi yayan naka tsakani da Allah yake wannan aiki, ko akwai abin da ake ba shi? Ni da ake cewa bakina ya fi reza, sai na tsinci kaina ina gyara takalmi. Na ce zan tambaya. Ya ce ba komai, ɗan Hure ba zai ci amana ba, tambayar ta fiƙihu ce kawai. Kwana shida ya rage.

Ba zan saya masa ba, wannan na gama. Amma in na ƙi ba tare da dalili ba, zai tafi wajen wani mai waya, kuma bayansa akwai mutum uku da suke jiran su ga abin da Malam zai yi. In kuma na faɗi dalilin, na tsaya a gaban gari na tuɓe wa yayana riga, Inna ta ji a bakin mata a gidan biki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani. Shi ya sa nake so maganar ta fito daga bakinka, domin wanda ya faɗa da kansa ya tuba ne, wanda aka faɗa a kansa an kama shi ne.

Ka gaida Anti Tahira, ka ce mun gode da atamfar Inna. Ka shafa min kan Najib da Asama'u, ka ce Baba Hashimu yana ajiye musu aya. Inna tana gaishe ku, Aina'u tana gaishe ku, Kawu Ɗanliti ya ce a gaishe ka har sau biyu.

Abin da nake nema ba a waya tsakanina da kai ba ne, kuma kada ka turo min kuɗi ka ce in kai wa Kawu a rufe, wannan tsakaninku ne. Ka shiga guruf ɗin da ka yi yabon a cikinsa, ka yi saƙon murya da Hausa, yadda wanda bai iya karatu ba zai ji. Ka faɗi jarin da kake da shi, ka faɗi wanda yake biyan ofishinku, ka faɗi ko ka sayar da lokacin da ka sayar. Zan sa lasifika a kan benci bayan la'asar, dattawa su saurara. In jajibirin kasuwa ya zo ban ji muryarka ba, zan ciro igiyar Baba daga zaure in ajiye ta a gabansu, in karanta musu layi biyun nan da Hausa, ba tare da yatsana a kan sunanka ba. Malam ya yi tambaya a ƙofar masallaci, Yaya. Ka amsa masa a gaban mutane.

Wassalam. Ƙaninka da bai daina son ka ba, ko da yake ransa a ɓace yake,

Hashimu.